Matsoraciya a Kan Sirdi

 

A wannan wata ban zo miki da girki ba, ban kuma zo da gyaran jiki ba, maganar doki na kawo miki. Na san za ki ce me ya haɗa kifi da kaska, to ki ɗan ba ni aron kunnenki. Shekaruna sun haura 40, 'ya'yana 4, kuma duk dangina sun shaida ni matsoraciya ce ta gidi. Ba na shiga lif ni kaɗai, kyankyaso kuwa in ya shigo ɗaki sai dai ni in ba shi wuri. Amma tun shekarar 2023 nake tsallaka shinge a kan doki, sau ɗaya a kowane mako. Kada ki ɗauka tsoron ya tafi, yana nan daram, tare muke hawa tare muke sauka. Abin da na koya shi ne yadda zan hana shi riƙe linzami, kuma labarin wannan koyo nake son ba ki.

Ni Bakatsiniya ce, Bakatsine kuwa ba a ba shi labarin doki. Garin Sarki Dikko ne da Sarki Usman Nagogo, waɗanda sunansu ya zaga duniya a wasan ƙwallon dawaki. Muna yara duk sallah sai an kai mu Ƙofar Soro kallon hawa, mu ga hakimai da dawakinsu sun sha ado, a yi sukuwa a zo gaban Sarki a yi zamiya, ƙura ta turnuƙe. Sai dai mu mata namu kallo ne da guɗa. Macen da na taɓa gani a kan doki ita ce Sarauniya Amina ta Zazzau, ita ma a zanen littafin firamare.

Ina da shekara 9, ranar hawan bariki, wani ingarma akawal ya ƙwace wa mahayinsa ya faɗo cikin 'yan kallo. Ɗan wan babana da yake riƙe da hannuna shi dokin ya harba a cinya. Wata uku ya yi kwance ana zaryar gidan mai ɗori, har yau kuma in ya yi doguwar tafiya sai ya ɗingisa. Tun daga ranar, ko a talabijin na ji haniniya sai cikina ya ɗuri ruwa.

A shekarar 2021 maigida ya samu gurbin karatun digiri na uku a Ingila, muka tattara muka koma garin Lesta. Wadda ta zauna Turai ta san zaman. Babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce kin tashi lafiya, babu biki babu suna, ga sanyi, da hunturu ƙarfe 4 na yamma duhu ya shiga. Ana nan sai babbar 'yata, lokacin tana da shekara 11, ta dawo daga makaranta da zancen wata ƙawarta da ake kai wa koyon hawan doki a wani ƙauye bayan gari. Ta nace, babanta kuwa jinin Katsinawa ya motsa, ya ce a kai ta. Ni aka bar wa kaiwa da ɗaukowa duk Asabar.

Haka zan tsaya jikin shingen filin na ƙanƙame katako, duk addu'ar da ta zo bakina ina yi, da dokin ya ɗan ƙara sauri sai in ce, "A hankali! Riƙe da kyau!" Wata rana a mota yarinyar ta ce mini, "Umma, in kina kallona sai in ji kamar zan faɗi." Ban ce mata komai ba, amma maganar ta kwana a raina. Asabar ta gaba malamarsu, wata dattijuwar Baturiya da ta haura shekara 60, ta ja ni gefe ta ce tana da aji na mata zalla ranar Talata da safe, lokacin da yara suke makaranta, kuma yawancinsu iyaye ne da ba su taɓa hawa ba. Ta ce uwar da ta san abin da ake ji a kan sirdi ta fi iya kallon 'yarta a kai.

Da na kai wa maigida maganar, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Ke da ɓera yake sa ki hawa kujera?" Da ya ga da gaske nake sai ya amince, bisa sharaɗin mace ce za ta koyar kuma babu ganganci. Hajiyata ce ba ta yi dariya ba. Ta waya ta ce, "Ke da 'ya'ya huɗu a ƙasar da ba ki da kowa? In kika karye wa zai duba su?"

Tambayar Hajiya tambaya ce ta hankali, 'yar uwa, kuma ba zan rufe ki ba, abin yana da haɗari. Matsakaicin doki yana kai kilo 500, kuma dabba ce da Allah ya halitta da saurin firgita. Wataƙila kin san Christopher Reeve, ɗan fim ɗin Amurka da ya fito a Superman. A shekarar 1995, a wata gasa a jihar Bajiniya, dokinsa ya zo gaban shinge ya ci birki, shi kuma ya wuce ta kansa ya faɗi ya karya wuya. Da hular kwano a kansa, kuma ba sabon shiga ba ne. Bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya mutu a 2004. Na san wannan labari kafin in hau, na kuma auna shi da kyau. Abin da ya sa na ci gaba shi ne na ga bambancin da ke tsakanin gasa a fili da gudu, da koyo a kan yashi mai laushi, da tsohon doki, a gaban malamar da ba ta yarda ki wuce mataki sai kin ƙware a na baya.

Kafin in wuce bari in amsa tambayar da na san tana bakinki, wato sutura. Ina sa siririn ɗankwali mai shiga kamar hula, wanda ba ya bukatar fil ko allura, domin in aka faɗi ƙarfe a kusa da wuya masifa ne. Bakinsa ina cusa shi cikin riga, sannan hular kwano ta hau kai ta zauna daidai. Riga mai kauri har kusa da gwiwa, tsagagga a gefe, da wando mara matsewa, da takalmi mai 'yar dunduniya don kada ƙafa ta zurma cikin likafa. Babban hijabi mai jan ƙasa ba ya hawa doki, iska za ta kaɗa shi dokin ya firgita, ko ya sarƙe a sirdi. Sai na sauka nake mayar da shi. Akwai kuma wata magana ta mu iyaye, wadda kunya take hana faɗa. Macen da ta haihu sau uku sau huɗu, in doki ya fara sassarfa tana iya jin ɗigon fitsari. Kusan rabin ajinmu sun san wannan. Motsa jikin nan na matse mara da ake koya wa masu jego a asibiti shi ne maganinsa, a kuma zaga bayi kafin a hau. Mai juna biyu kuwa ta haƙura da hawa sai ta sauka lafiya.

Dokin da aka ba ni dandaƙaƙƙe ne, bidi, mai shekara 19. Yana da sunansa na Turanci, amma ni Dattijo nake ce masa, domin komai nasa a natse yake yi, kamar mai gari zai tafi masallaci. Ranar farko minti 20 na yi ina tsaye a gefensa kafin in iya ɗora tafin hannuna a wuyansa. Wata 8 na yi ina koyon tafiya, da sassarfa, da ƙaramar sukuwa wadda ba a sakin linzami, da tsayawa, da juyawa. Ba zan cika ki da labarin ciwon cinya ba, ki dai sani akwai ranar da a zaune na yi sallar azahar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kayan hawan. Sirdinmu na gida yana da tudu gaba da baya, mahayi yana zaune ciki kamar a kujera, linzaminmu kuma mai kaifi ne, ja ɗaya doki ya tsaya cak. An yi su ne don sukuwa da zamiya a fili fetal. Sirdin Turawan Ingila kuwa shafal yake, in kika hau sai ki ji kamar an ɗora ki a kan faifai, linzamin ma mai sauƙi ne. Dalili kuwa tsalle. Malamarmu ta ba mu tarihin. A ƙarni na 18 da farkon na 19 aka yi ta kafa dokokin da suka yanka gonaki da makiyayar Ingila aka kewaye su da shinge. Masu farautar yanyawa da dawaki, waɗanda yankin Lesta ɗin nan ya yi suna da su, suka ga in ba su koya wa dawakinsu tsallake shinge ba to farauta ta ƙare. Daga nan abin ya zama wasa, har ya zama gasa.

Su kansu Turawan sun daɗe suna yin tsallen a baibai. Mahayi yakan kwanta baya ya ja linzami da ƙarfi, wai yana taimakon doki ya dira. Sai wani hafsan sojan doki na ƙasar Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, ya tsaya ya lura da yadda doki yake tsalle in babu kowa a kansa. Ya ga yana miƙa wuya gaba, ya lanƙwasa baya, ya dira da ƙafafun gaba. Sai ya ce a rage tsawon likafa, mahayi ya ɗaga mazaunansa daga sirdi ya ɗan rusuna gaba, ya bar hannunsa ya bi bakin doki. Wannan zama shi ake koya wa kowa a duniya har yau, shi ne kuma aka sa ni yi na makonni, ina tsaye a kan likafa, dunduniya ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, kamar mai shirin ɗaukar tulu.

Ba da shinge aka fara ba. Sanda ɗaya aka ajiye a ƙasa, doguwa mai fenti fari da ja, aka ce in bi ta kanta da tafiya. Ki yi dariya in kin so, amma wallahi sandar nan da ko ɗan yaye zai tsallaka, ni ganinta nake kamar katangar gidan yari. Daga ɗaya aka koma uku, aka jera su da tazarar kamar mita 1 da 'yan kai tsakani, ina bi da sassarfa. Sai da wannan ya zama mini kamar shan ruwa sannan aka gicciya sanduna biyu, tsakiyarsu bai fi santimita 30 daga ƙasa ba, wato tsawon rular 'yan makaranta. An gicciya su ne don wurin da ya fi ƙasa ya zama a tsakiya, doki ya nufi nan da kansa.

To a nan ne na san abin da tsoro yake yi wa jiki. Da na juyo kwana na hango sandunan, sai numfashina ya tsaya. Kafaɗuna suka haye kunne, gwiwoyina suka matse sirdi, yatsuna suka damƙe linzami, idona ya kafe a kan sandar. Duk wannan ba da niyya ba, jiki ne yake neman tsira. Amma ki duba yadda saƙon yake isa ga doki. Ƙafa ta matse shi, ma'ana tafi. Hannu ya ja baki, ma'ana tsaya. Mahayiya ta daina numfashi, ma'ana akwai abin tsoro a gaba. Dattijo ya zo har gaban sandunan, ya tsaya, ya juyo da kai ya dube ni, kamar yana cewa, baiwar Allah, wanne zan ɗauka?

Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce doki yana jin ƙuda in ya sauka a fatarsa, har ya karkaɗa daidai wurin, to yaya ba zai ji mace mai kilo 70 ta sandare a bayansa ba? Ta ba mu labarin wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin aka buga a 2009. An sa mutane su ja dawaki ko su hau su, su bi ta wani wuri sau huɗu, aka ce musu a zagaye na huɗu za a buɗe lema kwatsam a gabansu. Ba a buɗe lemar ba. Amma na'ura ta nuna bugun zuciyar mutanen ya tashi, na dawakin ma ya tashi, alhali su dawakin ba wanda ya gaya musu zancen lema. A jikin mutanen suka karanta.

Sai ta ƙara mini da wani abu da ya sauya yadda nake ganin lamarin gaba ɗaya. Idanun doki a gefen kansa suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma akwai wuri biyu da ba ya gani: bayansa daidai wutsiya, da kuma dab da gaban fuskarsa. Saboda haka tun daga nesa yake auna shinge, lokacin da zai tashi sama kuwa shingen ya riga ya ɓace masa. Ashe shi ma da yarda yake tsallen. Yana bukatar kansa da wuyansa a sake don ya auna, ya kuma daidaita nauyinsa a sama. In na ja linzami a wannan lokaci, kamar mutum ne zai tsallaka kwata a riƙe masa wuyan riga ta baya. Na ji tausayin Dattijo ƙwarai. Shekara da shekaru yana ɗaukar matsorata irina, kowace ta ja masa baki, bai taɓa yin tutsu ya zubar da kowa ba.

Abin da malama ta yi da ni ba lallashi ba ne, ba ta taɓa ce mini kada in ji tsoro ba. Aiki ta raba wa kowace gaɓa. Ido, ta ce, ga wata bishiya can bayan fili, ita za ki kalla, domin kan mutum yana da nauyi, inda kika kalla can jikinki zai karkata, wadda ta kalli ƙasa ƙasa take nema. Hannu, ta ɗaura wani madauri na fata a wuyan dokin ta ce in saƙala yatsu biyu a ciki, ko in kama geza, domin jan geza ba ya damun doki kamar jan baki. Dunduniya, a danna ƙasa. Baki kuwa, a ƙirga takun doki da ƙarfi yadda za ta ji daga tsakiyar fili, saboda mai magana dole ta yi numfashi. Na ce mata in na rikice Turanci guduwa yake yi daga kaina. Ta ce in ƙirga da harshen da na sha a nono.

Ranar wata Talata ce cikin watan Yuni na 2023. Na yi bisimilla, na juyo kwana da sassarfa, na kafa wa bishiyar nan ido, ina faɗin ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, da murya kamar mai tallar kunu. Zuciyata tana dukan uku-uku, bakina ya bushe, amma ido yana da aiki, hannu yana da aiki, babu wanda ya samu sukunin yin abin da tsoro yake so. Sai na ji wuyan Dattijo ya taso ya tarye ni, ƙarar kofato ta ɗauke ɗif na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, sannan dum, muka dira, ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba a yi komai ba. Ban ga sandar ba sam. Matan ajin suka hau tafi, ni kuwa ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba, har wata godiya da ke ɗaure a gefe ta zabura. Da na sauka ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a kan yashi ina dariya hawaye na zuba.

Na tambayi malama me na yi daidai. Ta ce ba ki hana shi ba. Ta ce doki shi yake tsalle, aikin mahayi ya kawo shi a miƙe, da taku mai daidaito, sannan ya ba shi wuri. Na daɗe ina juya wannan magana, domin mu mata an horar da mu a kan riƙo. Riƙe yaro kada ya faɗi, riƙe tukunya, riƙe gida, riƙe baki. Sai ga wani aiki da ake ce mini a daidai lokacin da ya fi haɗari, a nan za ki miƙa hannu gaba ki sassauta.

Kada ki zaci daga nan komai ya tafi sumul. Mako biyu bayan haka na zo na kasa, muka koma sanda a ƙasa, malama ta ce ba komai, haka abin yake, yau gaba gobe baya. Akwai wata a ajinmu, ma'aikaciyar jinya, da ta fara tsalle a wata na huɗu. Akwai kuma wata kaka mai jikoki 5 da ta ce ita tafiya da sassarfa sun ishe ta, ba za ta taɓa tsalle ba, kuma babu wanda ya matsa mata. Ina ganin wannan ita ce alamar malamar ƙwarai. Duk mai koyarwar da zai kunyata ki a gaban mutane, ko ya ɗaga sanda don ya gwada jarumtarki, ki ɗauki jakarki ki bar masa wurinsa.

Faɗuwa kuwa na faɗi, a watan Fabrairu na 2024. Mun dira lafiya ke nan sai iska ta kwaso wata leda ta wurgo ta gaban Dattijo, ya goce gefe guda, ni kuma na wuce ɗaya gefen. Kafaɗa ce ta fara isa ƙasa, sannan kai. Abin da ya fara zuwa raina fuskar autana ce, da muryar Hajiya. Malama ta hana ni tashi, ta tambaye ni sunana da ranar da muke ciki, ta sa na motsa yatsun hannu da na ƙafa. Ba ta yarda na sake hawa a ranar ba, ta ce tsohuwar al'adar nan ta a mayar da mutum kan doki nan take ba ta aiki in kai ya bugu, sai likita ya duba. Hular ma ta ce a jefar, domin hular kwano in ta sha bugu sau ɗaya abin da ke cikinta ya riga ya mutu, ko da ba a ga tsaga a waje ba. Likita ya ce babu karaya, sai tsamin jiki da ɗan kumburi. Kwana 10 maigida yana dafa wa yara taliya, har suka fara roƙona in warke.

Komawar ta fi farawar wuya. Na zauna a mota a bakin bargar kusan rabin awa, na kunna na kashe. Abin da ya fito da ni shi ne 'yata, wadda ta ga kafaɗata a kumbure ta tambaye ni ko ita ma za a hana ta. Na ce mata a'a. To in ban hana ta ba, ni kuma na gudu, me na gaya mata ke nan? Na shiga. Ranar tafiya kawai muka yi ni da Dattijo, ko sassarfa ban yi ba. Sai da aka yi wata guda kafin in sake fuskantar sanduna.

Wani abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne sanin cewa wannan fage ba na maza kaɗai ba ne, ba kuma na Turawa kaɗai ba. A gasar Olamfik, wasannin dawaki ne maza da mata suke karawa da juna kai tsaye a fili ɗaya, kuma tun 1956 mata suke shiga tsallen shinge. Gimbiya Haya, 'yar Sarki Husaini na Jodan, ta yi tsalle a gasar Sidni ta 2000, daga baya ta shugabanci hukumar wasannin dawaki ta duniya daga 2006 zuwa 2014. Wata budurwa 'yar Saudiyya, Dalma Malhas, ta ci lambar tagulla a Olamfik ta matasa a Singafo a 2010. Su shingensu a manyan gasa yana kai mita 1 da santimita 60, wato daidai tsayina. Bajintar da ba a karya ba har yau kuwa ta wani doki ce mai suna Huaso a ƙasar Chile, da ya tsallaka mita 2 da santimita 47 a shekarar 1949. Ki dubi ƙofar ɗakinki, ki ƙara mata kusan kamu biyu. Ni nawa shingen yanzu santimita 60 ne, guda 5 a jere, kuma ba ni da niyyar wuce 70.

In 'yarki ko ɗanki ya nuna sha'awa a gida, akwai dawaki a filayen ƙwallon dawaki na Kaduna da Kano da Katsina da Abuja, ga kuma na gidajen sarauta. Sai dai dokin ƙwallo da dokin hawan sallah ba a horar da su don tsalle ba, kuma da sirdinmu da linzaminmu ba a tsallaka shinge, za a yi wa dokin rauni a baki, mahayi kuma tudun sirdi ya doke shi a ciki. A samu wanda ya san aikin, da doki mai shekaru da sanyin hali, a fara daga ƙasa. Hular kwano kuma ba a sasanci a kanta, ko da kilisa ce ta bayan la'asar. Ina ganin yadda samarinmu suke sukuwa a kan kwalta ranar biki kai ba komai, in tuna cinyar ɗan uwana, in rasa abin cewa.

Ranar Asabar yanzu a cikin rumfa nake zama da shayina in 'yata tana hawa. Ta wuce ni nesa, tana tsallaka santimita 80. In ta juyo kwana har yanzu cikina yana juyawa, sai in sami kaina ina ƙirga mata ɗaya, biyu a hankali, bakina a rufe. Malama kuwa ta riƙe ƙirgar, ranar nan na ji ta tana daka wa wata sabuwar ɗaliba Baturiya tsawa daga tsakiyar fili, "Daya! Biyu!", matar ba ta san ma me ake nufi ba amma tana maimaitawa.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na yi ƙarfin hali na tura wa Hajiya hoton bidiyo ta WhatsApp. Kwana biyu shiru, har na fara shirin jin faɗa. Rana ta uku ta kira. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce in daina ba. Cewa ta yi ta kalla sau uku, dokin nan da gani ya manyanta, kuma gashinsa ba ya sheƙi yadda ya kamata. Ta tambaya ko Turawan suna ba shi kanwa. Na ce ban taɓa gani ba, wani dunƙulen gishiri dai suke rataya masa yana lasa. Ta ce gishiri ba kanwa ba ne, in an samu mai tahowa za ta aiko da ita.